"Gwaggo, Ai Doka Ta Halatta": Amsa Ga Wata 'Yar'uwa A Kanada

Ga saƙon da ya zo mini, na taƙaita shi:

"Assalamu alaikum Anti. Ina zaune da maigidana da yaranmu biyu a gidan haya a wajen Toronto. Babban namiji ne, shekararsa 15, ƙaramar kuma 5. Bara ɗan yayana ya zo karatu da biza, shekararsa 20, muka ba shi ɗakin ƙasa. Yaro ne mai ladabi, wani lokaci ma shi ke kai mini yara makaranta a motata. Makon jiya ina haɗa wanki na ci karo da ledar wiwi a aljihun rigar sanyinsa. Da na duba durowarsa sai ga wata alewa mai kala-kala, an zana ganye a jikin ledar. Na tambaye shi, bai musa ba. Cewa ya yi, 'Gwaggo, ai a nan doka ta halatta, a shago ake sayarwa kamar burodi.' Maigida ya ce ya tattara kayansa. Ni kuma amana aka ba ni, kuma babansa na fama da hawan jini, ban faɗa masa ba. Zai je gida hutun Disamba. Da gaske doka ta halatta? Me zan yi?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwata. Allah Ya ba ki ladan riƙo.

Kafin komai, ki ajiye wayar nan ki sauka ɗakin ƙasa ki ɗauke alewar. Sauran maganar za ta iya jira, wannan kam ba za ta jira ba. Yarinya 'yar shekara 5 ba ta san bambancin alewar wiwi da wadda kike saya mata ba, kuma asibitocin yara a Kanada sun sha karɓar ƙananan yara da suka ci irinta, wasu har numfashinsu ya yi ƙasa. Muguntar abin, ba ta nuna kanta nan take. Takan ɗauki rabin awa zuwa awa biyu kafin ta fara aiki, don haka yaro zai iya cinye leda guda yana ci gaba da wasansa. Idan wata rana, Allah Ya kiyaye, kika ga yarinyar tana layi ko barci mai nauyi da ba ki saba gani ba, ki kira 911, ki gaya musu ainihin abin da kike zato. Kada kunya ta sa ki rage ko kalma ɗaya.

To, yanzu tambayarki. E, yaron bai yi ƙarya ba. Tun ranar 17 ga Oktoban 2018, a zamanin Firaminista Justin Trudeau, Kanada ta halatta wa manya saye da shan wiwi, ita ce ƙasa ta biyu bayan Uruguwai da ta yi haka a faɗin ƙasa baki ɗaya. Kowane lardi ke yanke shekarunsa: Alberta 18, Kebek 21, Ontariyo inda kuke 19. Ɗan yayanki ya kai. Baligi na iya yawo da giram 30 na busasshe a jikinsa, kuma a Ontariyo gida ɗaya na iya shuka tushe 4, gida fa, ba kowane mutum a gidan ba. Idan kika ce masa haramun ne a dokar Kanada zai san ba ki sani ba, daga nan kuma ya daina sauraron sauran abin da za ki faɗa. Ki yarda masa da wannan a fili.

Amma ya karanta shafin farko ne ya rufe littafin. Dokar da ta halatta ɗin ita ce kuma ta kewaye abin da katanga, kuma gwamnatin da kanta ta ce manufarta ita ce nesanta wiwi daga yara da kuma raba 'yan kasuwar bayan fage da ribarsa. Abin da nake so ki riƙe shi ne, hanyar da abokansa 'yan ƙasa suke bi da faɗi, shi tasa siririya ce ƙwarai, saboda abu uku: baƙo ne mai biza, bai wuce 21 ba kuma yana tuƙi, sannan yana kwana gida ɗaya da yaro ɗan shekara 15.

Mu fara da ledar da ke hannunki, domin ita za ta gaya miki ko da gaske a shago ya saya. A Ontariyo hanya biyu ce kawai ta halal a doka: shafin intanet na gwamnati da ake kira OCS, ko shagon da hukumar AGCO ta ba lasisi. Kayan da suka fito ta nan kamanninsu ɗaya. Ledar ba ta da ado, tana da wuyar buɗewa don yara, a jikinta akwai jan tambari mai kusurwa takwas da hoton ganye da haruffan THC, wato sunan sinadarin da ke sa maye a wiwi, da gargaɗin lafiya a cikin rawayen akwati, da kuma ɗan tambarin haraji manne a bakinta kamar na kwalin sigari. Game da alewa da cakulan, waɗanda aka halatta a Oktoban 2019, doka ta ce kada sinadarin THC ya wuce miligiram 10 a leda guda, kuma an hana yi musu kwalliyar da za ta ja hankalin yara. Kin ce tasa mai kala-kala ce. Juya ta ki karanta. Idan kika ga an rubuta miligiram 300 ko 500, ko an kwaikwayi ledar wata alewa da yara suka sani, kuma babu tambarin haraji, to wannan ba daga shagon lasisi ta fito ba, ko da kuwa a cikin shago mai ƙofa da fitila ya saya. Riƙe wiwin da ka san na bayan fage ne laifi ne a ƙarƙashin wannan dokar da yake kafa hujja da ita.

Sai mota. Nan ne hankalina ya fi tashi da na karanta saƙonki. A Ontariyo direban da bai wuce shekara 21 ba, ko mai lasisin koyo na G1 da G2 ko nawa ne shekarunsa, ko direban motar kasuwanci, ba a yarda a samu ko ɗigon wiwi a jikinsa yana tuƙi ba. 'Yan sanda suna da na'urar gwajin yawu a bakin hanya, kuma idan ta nuna, nan take za a dakatar da lasisinsa a ci shi tara. Wannan shi ne ƙaramin hukuncin. Babban yana cikin dokar manyan laifuka ta tarayya, wadda ke auna THC a jini cikin awa biyu da tuƙi. Daga nanogiram 2 zuwa ƙasa da 5 a kowane mililita laifi ne mai tarar da ta kai dala 1,000. Daga 5 zuwa sama, ko 2.5 haɗe da giyar da ta kai miligiram 50 a mililita 100 na jini, ya shiga sahun tuƙi cikin maye: mafi ƙarancin hukunci a karon farko tarar dala 1,000, karo na biyu ɗaurin kwana 30, na uku kwana 120. Idan ɗan sanda ƙwararre ya gwada shi ya tabbatar yana cikin maye, za a dakatar da lasisin kwana 90 a kuma tsare motar kwana 7, ba ruwansu da sunan wa ke jikin takardunta. Motarki ce za ta kwana a hannunsu, ke za ki biya kuɗin ja da na ajiya, inshorarki ce za ta hau.

Zai ce miki da daddare yake sha, da safe garau yake. Jini bai san wannan lissafin ba. Mai sha a kai a kai, sinadarin kan jima a jininsa bayan shi ya daina jin komai, kuma wanda aka ci a alewa kan kai awa 12 yana aiki. Ko ajiye shi a mota ma da ƙa'ida: sai dai a rufe cikin ledarsa ta asali da ba a buɗe ba, ko a cikin jakar da aka zuge inda hannun kowa ba ya kaiwa. Buɗaɗɗiyar leda a aljihun rigar sanyi, yana bayan sitiyari, ya riga ya saɓa. Don haka makullin mota ya dawo hannunki daga yau, kuma kada ya sake ɗaukar yaranki. Ki faɗa masa a natse, a matsayin hukuncin da kika riga kika yanke.

Ga kuma abin da yawancin yaranmu masu bizar karatu ba su sani ba, kuma shi ne ya fi kowanne ciwo. A watan Disamban 2018 Kanada ta ɗaga iyakar hukuncin tuƙi cikin maye zuwa shekara 10. Ita kuwa dokar shige da fice ta ce duk wanda ba ɗan ƙasa ba da aka samu da laifin da iyakar hukuncinsa ta kai shekara 10, an ɗauke shi mai babban laifi, ana iya hana shi zama a ƙasar. Ba ta kallon abin da alƙali ya yanke masa a zahiri, iyakar da ke rubuce take kallo. Ma'ana, a kama shi da abokinsa ɗan Kanada a dare ɗaya, a ci su tara iri ɗaya, abokin ya biya ya koma aji, shi kuwa ya fara shari'ar ko za a maida shi gida. Wannan ya shafi har masu takardar zama ta dindindin, wato wataƙila ke da maigidanki ma idan ba ku karɓi fasfo ba tukuna. Mai bizar karatu kuma ma'auninsa ya fi tsanani, laifin da bai kai wannan ba ma yana iya taɓa shi. Ki tuna abin da yayanki ya kashe kafin yaron nan ya taka filin jirgin Pearson na Toronto, a canjin dala na yanzu. Idan har wata rana 'yan sanda suka tuhume shi da wani abu, komai ƙanƙantarsa a idonsa, kada ya amsa laifi don a gama da wuri sai ya ga lauyan da ya san harkar shige da fice.

Yanzu ɗanki ɗan 15. Yaro a wannan shekarun yayansa da ke ɗakin ƙasa shi ne madubinsa, kin fi ni sani. Ba wa wanda bai kai 18 ba wiwi, ko sayarwa ko kyauta ko "ɗan taɓa ka ji", laifi ne da hukuncinsa kan kai ɗaurin shekara 14 a dokar tarayya, kuma dokar Ontariyo ta ƙara nata hanin har zuwa 19. Ban ce ya yi ba. Amma ki zaunar da ɗanki shi kaɗai, ba da faɗa ba, ki tambaye shi me ya gani, me ya sani. Ina kyautata zaton ya riga ki sanin abin da ke cikin durowar nan da watanni.

Batun inda ake sha ba shi da tsawo. A Ontariyo kusan duk inda aka hana sigari an hana wiwi: cikin wurin aiki, baranda da matakalar da mazauna bene ke tarayya a kai, tsakanin mita 20 da harabar makaranta ko filin wasan yara, mita 9 daga ƙofar asibiti. Kwalejoji da jami'o'i da yawa sun hana a harabarsu gaba ɗaya. Ke kuma ki ɗauko takardar hayarku, a samfurin da gwamnatin lardi ta tsara akwai sashe na musamman kan hayaƙi. Idan mai gida ya hana, ko warin ya dami maƙwabta, sunanki da na maigida ne a takardar, ku za a kawo wa takardar gargaɗi, ku za ku tsaya gaban hukumar sasanta masu gida da 'yan haya. Warin nan kuwa ba ya ɓuya. Na taɓa zama a wani bene inda na ƙasa da mu ke sha, lokacin sanyi tagogi a rufe, hayaƙin ya riƙa biyo bututun ɗumama ɗaki. Har hijabin da nake salla da shi sai da ya ɗauka, na riƙa wanke shi ina shanyawa a banɗaki. Gidanki kuwa ke ce da shi. Babu wata dokar Kanada da ta tilasta miki yarda a sha ko a ajiye wiwi a ƙarƙashin rufinki.

Tafiyar Disamba ita ma ki ba ta muhimmanci tun yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya. Halaccin nan a bakin iyakar Kanada ya tsaya. Fita da wiwi daga ƙasar ko shigo da shi, ko ƙwaya ɗaya ta alewa ce, ko man shafawa mai sinadarin wiwi na CBD, laifi ne da kan kai shekara 14, ko da inda za ka ma an halatta. Jihar New York da Mishigan sun halatta, amma iyakar Amurka a hannun gwamnatin tarayyarsu take, wadda har yanzu ta haramta, kuma jami'ansu na iya hana baƙo shiga don kawai ya amsa cewa yana sha. Ya san da wannan kafin ya bi abokai yawon Nayagara su ce a haye gada. Hanyar gida kuwa ta fi haɗari. Jirginsa zai yada zango a Doha ko Alƙahira ko Adis Ababa, ƙasashen da ba sa wasa da wannan, sannan ya sauka a hannun NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Najeriya. A Najeriya wiwi haramun ne ɗungurungum, kuma hukuncin shigo da miyagun ƙwayoyi na iya kaiwa ɗaurin rai da rai. Tun da Janar Buba Marwa ya karɓi hukumar a 2021 ake ta sanar da kama wiwin Kanada, wanda suke kira Loud, a tashoshin ruwan Legas da filin jirgin Murtala Muhammed, don haka matashin da ya taso daga Toronto ido na kansa. Idan kuma umara zai je, Saudiyya hukuncin kisa take yanke wa masu fasa ƙwaurin ƙwaya. Kafin ya tafi ku zazzage akwatin tare, kowane aljihu, kowane zif, har jakar kwamfutarsa. Kuma kada ya karɓi saƙon kowa da bai buɗe ya gani da idonsa ba, ko da na aminin da suke ci a kwano ɗaya ne.

Akwai kalmar da ya yi amfani da ita da ta tsaya mini a rai: "halatta". Gwamnatin Ontariyo da kanta take da shagunan giya, caca ma da lasisi ake yi, kuma bai taɓa cewa don haka sun zama halal gare shi ba. Abin da doka ta yi shi ne ta ce ba za ta kama shi ba idan ya tsaya cikin iyaka. Hukuncin abin da ke sa maye a addininmu ya sani tun yana allo. Ki tuna masa sau ɗaya, da taushi, kada ki maida shi wa'azin kullum. Idan akwai malami ko wani babban yaya a masallacinku da yake jin nauyinsa, wanda kuma bakinsa ke da sakata, shi zai fi ki iya wannan ɓangaren.

Abin da ban ji kin tambaye shi ba, kuma shi nake so ki fara da shi idan kun zauna: tun yaushe, sau nawa a mako, kuma me ya kai shi? Yaron da ya baro gida cike da mutane ya dawo ɗakin ƙasa, rana na faɗuwa kafin biyar na yamma a watan Disamba, ga karatu, ga aikin dare, ga tunanin kuɗin makarantar da babansa ke haɗawa da ƙyar, ba abin mamaki ba ne ya nemi abin da zai sa shi barci. Wannan ba uzuri ba ne, amma maganin mai sha don kaɗaici daban yake da na mai bin abokai. Ma'aikatar lafiya ta Kanada da kanta tana gargaɗin cewa ƙwaƙwalwa ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, kuma yawan sha kafin nan na ƙara haɗarin kamuwa da jaraba da taɓin hankali, musamman idan akwai mai irin ciwon a dangi. Wiwin yanzu ma ba irin na da ba ne: a shekarun 1980 THC ɗinsa wajen kashi 3 cikin ɗari ne, yau matsakaicinsa ya kai wajen 15, wani har 30. Idan kullum yake sha, ko ya fara fashin aji, ko kin lura yana zargin mutane ba dalili ko yana magana shi kaɗai, to maganar ta wuce ta gida. Makarantarsa na da masu ba da shawara kyauta kuma a asirce, akwai layin ConnexOntario da ke haɗa mutum da wurin taimako dare da rana, akwai kuma asibitin CAMH na lafiyar ƙwaƙwalwa da jaraba a cikin Toronto. Neman taimakon likita ba laifi ba ne, ba kuma ya kai mutum gaban 'yan sanda.

Maigidanki yana da gaskiyarsa, kada ki nuna masa kin fifita ɗan yayanki a kan 'ya'yansa. Tsoron da yake ji na uba ne. Amma ki roƙe shi ya yi tunanin inda yaron zai koma idan aka kore shi yau: ɗaki ɗaya da samari huɗu, wataƙila su ne ma suka koya masa, babu mai tambayarsa ko ya yi salla ko ya ci abinci. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Shawarata ku zauna ku uku, maigida ya yi magana a matsayinsa na uban gida, a gindaya sharuɗɗa a fili: babu wiwi ta kowace siga a gidan nan ko a motar nan, babu shigowa cikin maye, babu kusantar da yara gare shi, kuma zai je ya ga mai ba da shawara. A sa wa'adi, a kuma gaya masa tun yanzu cewa idan ya karya, zai nemi wani wurin zama. Idan ya karya ɗin, ku cika maganarku, ku taya shi neman ɗaki, ƙofarku kuma ta zauna a buɗe gare shi ranar Juma'a da ranar salla.

Yayanki kuma ba za ki ɓoye masa har abada ba. Ɗansa ne, kuma ranar da ya ji a bakin wani, ke zai fara tambaya. Amma ba dole ya ji a daren nan ta waya, cikin kuka, da hawan jininsa ba. Ki ba yaron zaɓi: ko shi ya gaya wa babansa da bakinsa idan ya je a Disamba, ko ke ki faɗa bayan ya dawo. Idan mahaifiyarsa mai natsuwa ce, ki fara da ita, ta fi kowa sanin lokacin da za a tari mijinta da magana. Abu ɗaya ne zai sa ki kira su ba jira: idan kika gano ya ba ɗanki, ko yana sayar wa wasu, ko kika ga alamun da na ambata na taɓuwar hankali.

Ki rubuto mini bayan kun zauna, ki gaya mini abin da ke rubuce a bayan ledar alewar da kuma amsar da ya ba ki kan tun yaushe ya fara. Allah Ya shirya mana shi, Ya tsare miki naki.